CIWON SUKARI NA MANYA: Don Me Likita Kan Ce Lokacin Allura Ya Yi?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ofisoshi da ɗakunan malamai, watau a ce, "Ai wane ciwonsa ya yi nisa, har an fara yi masa allura." In an faɗi haka sai kowa ya yi tsit, kamar an kawo labarin rasuwa. Wannan magana muke so mu warware yau, domin ta jawo wa mutane da yawa hasarar ido da ƙoda da ƙafa, alhali kuwa abin da zai tsare su yana hannun likita, su ne suka ƙi karɓa.

Mun nufi akawuna da malaman makaranta da wannan bayani saboda dalili biyu. Na fari, aikinmu na zama ne. Mutum ya wuni bisa kujera, ya hau babur ya koma gida, ya ci shinkafa da burodi, ya sha shayi mai sukari da lemon kwalba, kafin ya kai shekara arba'in tumbi ya fito. Irin wannan jiki ciwon ya fi so. Na biyu kuwa, mu ne ake kawo wa takardar asibiti a unguwa da ƙauye a ce mu karanta mu yi bayani. In mun fahimci abin daidai, mutane da yawa za su amfana. In mun fahimce shi a karkace, haka za mu raba shi a karkace.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN JIKI

Duk abincin da ya fito daga hatsi ko doya ko rogo, in ya shiga ciki sai ya narke ya zama sukari, ya bi jini. Wannan sukari shi ne makamashin jiki, amma ba ya iya fita daga jini ya shiga tsoka sai da taimakon wani ruwa da ake kira insulin. Wata 'yar tsoka doguwa da ke kwance a bayan tumbi ita ke yin sa, likitoci na kiranta fankiriyas.

Ciwon sukari iri biyu ne manya. Akwai wanda ya fi kama yara da samari, inda fankiriyas kan daina yin insulin gaba ɗaya, mai shi kuwa ba ya rayuwa sai da allura tun ranar farko. Akwai kuma na manya, wanda ake kira iri na biyu, shi ne abin maganarmu. Wani likitan Ingila, Harold Himsworth, shi ya nuna bambancin nan a shekara ta 1936. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2024 manya miliyan 589 ke da ciwon, fiye da kashi 90 cikin 100 kuwa iri na biyu gare su.

A iri na biyu abu biyu ke haɗuwa. Tsoka da hanta su yi taurin kai, su daina jin insulin sosai, musamman in kitse ya taru a ciki. Sa'an nan fankiriyas, don ta rufe giɓin, sai ta riƙa aiki ninki biyu, har ta fara gajiya. Misalinsa kamar ofis ne da takardu suka ninka, akawuna kuwa suna barin aiki ɗaya bayan ɗaya ba a ɗauko wasu ba. Da fari waɗanda suka rage za su kai dare su gama aikin, ba wanda zai lura. Daga baya takardu su fara taruwa bisa tebur. Taruwar nan ita ce hawan sukari cikin jini.

Alamunsa sanannu ne: yawan fitsari, ƙishirwa, rama ba dalili, kasala, gani dishi-dishi, maruru, da miki mai wuyar warkewa. Amma fa mutum kan yi shekaru da ciwon bai ga ko ɗaya ba. Awon jini ne kaɗai ke tabbatarwa. In an auna da safe kafin a ci kome aka sami 126 ko fiye, a ma'auni ɗaya, watau 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka kuma maimaita aka sami haka, to, ciwon ya tabbata.

DON ME ƘWAYA KAN DAINA ISA

Nan ne gindin maganar. A shekara ta 1977 likitoci a Ingila, a ƙarƙashin Robert Turner na Jami'ar Oxford, suka soma wani babban bincike. Suka ɗauki mutum 5,102 waɗanda aka gano ciwon a jikinsu sabo-sabo, suka bi su shekara da shekaru, suka bayyana sakamako a 1998. Abu uku da suka gano ya kamata kowane mai ciwon ya sani.

Na ɗaya, ran da aka gaya wa mutum yana da ciwon sukari, kimanin rabin ƙarfin fankiriyas ɗinsa ya riga ya tafi, sauran kuma yana raguwa a hankali kowace shekara. Na biyu, bayan shekara 3 kimanin rabin mutanen magani iri ɗaya ba ya isarsu, bayan shekara 9 kuwa kimanin uku cikin huɗu ne ke bukatar ƙari. Na uku, waɗanda aka matsa wa sukarinsu ya sauka sosai, lalacewar ƙananan jijiyoyin jini, irin na ido da ƙoda, ta ragu a cikinsu da kashi 25 cikin 100. Aka ci gaba da bin su wata shekara 10, a 2008 aka ga har ciwon zuciya da mace-mace sun ragu a cikin waɗanda aka kula da su sosai tun farko. Ashe icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, mai karatu, ka duba wannan da kyau. Mutanen nan suna ganin likita a kan kari, ana ba su magani, ana koya musu abinci, duk da haka ciwon ya ci gaba. Watau ci gaba halin ciwon ne. Mutumin da aka ce masa ƙwaya ta daina isa, ba lalle ne ya yi sakaci ba, shekaru ne suka yi aikinsu. Ba wanda ke jin kunya don ya kai shekara hamsin ya sa tabarau, haka bai kamata a ji kunyar allura ba.

MATAKAN DA AKE BI

Mataki na fari abinci ne da motsa jiki, kuma ba a barinsa har abada, ko an kai ga allura. Ba a ce mutum ya daina cin tuwo ba, an ce ya rage malmala ya ƙara miya da ganye. Wake, zogale, rama, kuɓewa, kabeji, kifi da ƙwai duk abokan tafiya ne. Lemon kwalba da shayi mai sukari da kunu ko fura da aka zuba wa sukari, waɗannan a bar su. Mu lura kuma da ruɗi biyu da suka yaɗu. Zuma ma sukari ce, tana hawar da jini kamar ɗan'uwanta. Alkama da acca kuwa hatsi ne, in an cika kwano da su za su yi abin da shinkafa ke yi. Tafiya da sauri minti 30 a rana, kwana biyar a mako, watau minti 150, tana sa tsoka ta koma jin insulin.

Rage ƙiba yana da ƙarfin da ba a zata ba. A wani bincike da aka yi a Ingila da Sikotilan, aka bayyana a 2017, an sa masu ƙiba waɗanda ciwon bai wuce shekara 6 a jikinsu ba suka rage abinci ƙwarai a ƙarƙashin kulawa. Bayan shekara ɗaya kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya koma daidai ba tare da magani ba, a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 ne. Amma ciwon lafawa ya yi, in ƙiba ta dawo yana dawowa. Wannan dama ce ta farkon ciwo, tun fankiriyas na da sauran ƙarfi.

Mataki na biyu ƙwaya ce. Wadda aka fi farawa da ita ita ce metformin, wadda wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya soma ba masu ciwon a 1957. Aikinta ta hana hanta zuba sukari da yawa cikin jini. Tana da araha, ita kaɗai kuma ba ta cika faɗar da sukari ƙasa ba. Takan ɓata ciki da fari, shi ya sa ake sha da abinci. In an daɗe ana sha takan rage sinadarin B12 a jiki, in ƙoda ta yi rauni ƙwarai kuma akan daina ta.

In ba ta isa ba sai a ƙara wata. Akwai irin su glibenclamide da gliclazide, waɗanda ke matsa wa fankiriyas ta ƙara aiki. Akwai sababbi irin su empagliflozin da dapagliflozin, masu fitar da sukari ta fitsari, waɗanda aka tabbatar suna kare zuciya da ƙoda. Akwai kuma semaglutide da 'yan'uwansa masu rage cin abinci da ƙiba, yawancinsu allura ne amma ba insulin ba ne. Sababbin nan suna da kyau, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin albashin mutane da yawa.

Abin lura shi ne, duk waɗannan suna dogara ne ga sauran insulin da jiki ke yi. In muka koma ga misalin ofis, wata ƙwaya tana rage takardun da ke shigowa, wata tana tsawata wa akawunan da suka rage su ƙara himma. Amma in akawu biyu suka rage a ofishin mutum goma, tsawa ba ta gama aiki, sai an kawo ma'aikata daga waje. Allurar insulin ke nan.

YADDA AKE GANE LOKACI YA YI

Ba da jin jiki ake ganewa ba, da awo ne. Akwai wani awon jini da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu ko uku da suka wuce. Kamar sakamakon jarrabawar ƙarshen zango yake, ba a iya gyara shi da karatun dare ɗaya. Ga yawancin manya ana so ya tsaya ƙasa da 7, amma ga tsofaffi da masu rauni likita kan sassauta. Ya kamata a yi shi aƙalla sau biyu a shekara. Mai cutar sikila, da wanda jininsa ya yi ƙaranci, su gaya wa likita, domin awon kan ba da lamba marar gaskiya a jikinsu.

Likita kan kawo maganar insulin in mutum yana shan ƙwaya iri biyu ko uku yadda aka ce, yana kiyaye abinci, amma lambar ta ƙi sauka. Yakan kuma fara ta nan take in sukari ya kai 300 ko HbA1c ya wuce 10, musamman in ga rama da yawan fitsari. Haka nan in ƙoda ko hanta sun yi rauni har ƙwaya ta zama haɗari.

Akwai kuma lokacin da ake yin allurar na ɗan wani lokaci kawai: mace mai ciki, wanda za a yi wa fiɗa, da wanda zazzaɓi mai tsanani ko gyambo ya kwantar. Har ma akwai wani nau'in ciwon da aka sani a cikin mutanen Afirka ta Yamma, wanda kan zo wa babban mutum da ƙarfi farat ɗaya, a yi masa insulin wata biyu ko uku, sa'an nan ya lafa a koma ƙwaya. Saboda haka ba duk wanda aka fara wa allura ne zai dawwama a kanta ba. Amma likita ne ke yanke wannan, ba mai ciwon ba.

TSORO HUƊU DA AMSARSU

Na fari, ana cewa duk wanda aka fara wa allura ba ya daɗewa. Abin da mutane suka gani gaskiya ne, amma fassararsu ce kuskure. Mutum ya yi shekara biyar ko bakwai yana guje wa allura, sukari na cin idonsa da ƙodarsa a ɓoye, sai da ya kwanta aka fara, ya rasu bayan wata shida, sai a ce allura ce. Kamar a ce ruwan da aka kawo bayan gobara ta ci gida shi ya ƙone gidan. A wani bincike na mutum fiye da 12,000 da aka bayyana a 2012, an ga waɗanda aka yi wa insulin kimanin shekara 6 ba su fi sauran samun ciwon zuciya ko ciwon daji ba.

Na biyu, ana cewa jiki zai saba ya kasa bari. Insulin ba abin maye ba ne. Kowane mai rai yana da shi cikin jininsa tun yana ciki. Allura cike giɓi take yi, takan ma ba fankiriyas hutu.

Na uku, ana cewa daga jikin alade ake samunsa. Da can haka ne, daga shanu da aladu ake tatsarsa. An gano shi a 1921 a birnin Toronto ta ƙasar Kanada, ta hannun Frederick Banting da Charles Best a ɗakin binciken John Macleod, James Collip kuma ya tace shi. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, wanda ke bakin mutuwa, ya tashi ya ƙara shekara 13 a duniya. Amma tun 1982 aka soma sayar da insulin irin na ɗan Adam, wanda ake sa ƙwayoyin halitta ƙanana su yi a masana'anta, shi da ire-irensa ne kuma ake samu a asibitoci yanzu.

Na huɗu, zafi. Allurar insulin ba irin ta zazzaɓi da ake yi a ɗuwawu ba ce. Ƙarƙashin fata ake yin ta, tsinin kuwa siriri ne kamar gashi, akwai wanda tsawonsa milimita 4 kawai. Yawancin masu yi sukan ce sokar yatsa don awo ta fi ta zafi. Dalilin da ya sa ba a haɗiye shi kamar ƙwaya shi ne ciki zai narkar da shi kamar nama.

YADDA AKE FARAWA

Galibi akan fara da allura ɗaya a rana, sau da yawa da dare, ta irin insulin mai daɗewa yana aiki, a kuma ci gaba da metformin. Akan fara da kaɗan, kamar awo 10, sa'an nan a riƙa ƙarawa sannu-sannu bisa ga awon safe, har lambar ta zauna tsakanin 80 da 130 ko inda likita ya ajiye. Ƙarin nan ba alamar ciwo ya tsananta ba ne, neman daidai ake yi, kamar tela yana gwada riga. In bayan shekaru wannan bai isa ba, akan koma gauraye sau biyu a rana, ko a ƙara mai saurin aiki kafin cin abinci.

Ga abubuwan da ya kamata a riƙe. A yi allurar a ciki, nesa da cibiya da kamar faɗin yatsa biyu, ko a cinya. A riƙa canza wuri, domin in an nace wa wuri ɗaya fata kan yi kulu, magani kuma ba ya shiga daidai ta nan. In insulin mai fari-fari ne kamar madara, a mirgina kwalbar a tafin hannu ta gauraya, kada a girgiza da ƙarfi. A duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji su zama ɗaya: akwai mai 100, akwai mai 40, in aka sarƙa su mutum zai yi wa kansa fiye da ninki biyu ko ƙasa da rabi. Ba a raba allura da kowa, ko miji da mata. A sami littafi a riƙa rubuta lamba da awo da kwanan wata, a tafi da shi asibiti. Wannan kam ba sai an koya wa akawu ba.

Game da kuɗi, insulin na kwalba da sirinji ya fi na alƙalami araha, kuma yana aiki sosai ga mafi yawan masu iri na biyu. A ware kuɗinsa ran da aka karɓi albashi. In hali ya gaza a gaya wa likita gaskiya ya nemi mai sauƙi, kada mutum ya riƙa rage awo a ɓoye don kwalba ta kai ƙarshen wata.

HAƊARIN DA KE NA GASKIYA

Insulin na da haɗari ɗaya da ba za mu ɓoye ba, shi ne faɗuwar sukari ƙasa da 70. Yakan faru in an yi allura ba a ci abinci ba, ko an yi aikin ƙarfi da ba a saba ba, ko awo ya yi yawa. Glibenclamide ma kan jawo shi. Alamunsa su ne gumi mai sanyi, rawar jiki, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, da magana ba kan gado. Maganinsa nan take ne: cokali uku ƙanana na sukari cikin ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai sukari, a jira minti 15 a sake awo, in bai tashi ba a maimaita, sa'an nan a ci abinci. In mutum ya suma kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Don haka ɓoye ciwon kuskure ne. Malami ya sanar da shugaban makaranta da abokan aikinsa, akawu ya sanar da na kusa da teburinsa, maigida ya koya wa iyalinsa. Mutum ya riƙa yawo da alewa ko sukari a aljihu, da 'yar takarda mai cewa yana yin insulin. Mai tuƙa mota ko babur ya auna kafin doguwar tafiya. Ƙiba ma kan ɗan ƙaru bayan an fara allura, shi ya sa ba a sakin abinci da tafiya.

AJIYA A ƘASA MAI ZAFI

Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firiji, amma kada ta daskare, in ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe takan yi kimanin kwana 28 a wuri mai sanyi-sanyi. Ina wanda ke ƙauye, ko inda wuta ba ta tsayawa? A 2021 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da masanan Jami'ar Janiba suka bayyana gwajin da suka yi bisa ga zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Kenya, inda zafi ke kai-kawo tsakanin 25 da 37 a ma'aunin Salsiyas. Suka ga insulin bai rasa ƙarfinsa cikin mako huɗu ba. Duk da haka a nemi sanyi. Dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, wadda wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana da amfani a nan. A sa kwalbar cikin leda don kada ruwa ya taɓa ta, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke bi. Kada a bar insulin cikin mota a rana ko bisa taga.

AZUMI DA MAGANIN GARGAJIYA

Mai yin insulin da ke son azumi ya ga likita mako shida ko takwas kafin watan ya kama, domin awo da lokacin allura duk sai an sauya su. Akwai waɗanda likita zai ce kada su yi, kamar mai raunin ƙoda da wanda sukarinsa ke yawan faɗuwa, addini kuwa ya yi wa marar lafiya rangwame. Wanda aka yarje wa ya riƙa awo da rana, in lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300 ya sha ruwa nan da nan.

Masu tallar magani a kasuwa da tasha da rediyo sukan ce suna da saiwar da ke cire ciwon daga tushe. Zogale da shuwaka abinci ne mai kyau a miya, amma babu ganyen da aka tabbatar yana maye gurbin insulin. Wanda ya ajiye allura ya kama gora yana iya jin daɗi mako biyu, domin hawan sukari ba ya ciwo. Lissafin kan zo daga baya.

ABIN DA AKE TSARE WA

Duk wahalar nan don a tsare gaɓoɓi ne. Sau ɗaya a shekara a duba bayan ido, ko mutum na gani sarai, a auna fitsari da jini don ƙoda. Hawan jini da kitsen jini a kula da su kamar sukarin, domin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki su suka fi kashe masu ciwon. Taba kuwa a bar ta. Ƙafa a duba ta kowane dare, har tsakanin yatsu, domin in jijiya ta mutu mutum kan taka ƙusa bai ji ba. Kada a yi tafiya ba takalmi, kada a bar wanzami ya yanke ƙaushi, a shafa mai lokacin hunturu saboda faso, kada a gasa ƙafa ga kasko. Ƙaramin miki a kai shi asibiti a ranar, ba bayan mako ba.

Malamin da ya rasa idonsa ya bar allo, akawun da ya rasa ƙafarsa ya bar ofis, iyali kuma su shiga wani hali tun ba a kai ga fansho ba. Mafi yawan wannan ana iya kauce masa. Saboda haka in likita ya ce maka lokacin allura ya yi, tambaye shi duk abin da ke ranka, ka ce a koya maka da hannunka, ka je da wanda kuke zaune tare shi ma ya koya. In kuma maƙwabci ya kawo maka takardarsa yana tsoro, ka gaya masa abin da ka karanta a nan, ka raka shi asibiti. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya, amin.